Mene ne "giɓin bidiyo" a koyon maganar jarirai?

"Giɓin bidiyo" suna ne da masana girman yara suka ba wani abu da suka daɗe suna lura da shi, wato yaron da bai kai shekara biyu da rabi ba yakan koyi abu kaɗan ne daga allon talabijin ko na waya, idan aka gwada da abin da yake koya a bakin mutumin da ke zaune gabansa, ko da kuwa darasin ɗaya ne. Daniel Anderson da Tiffany Pempek ne suka fito da sunan a shekarar 2005.

Gwajin da ya fi nuna wannan giɓi a fili shi ne na Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2003. An tara jarirai 'yan wata 9 waɗanda Ingilishi kaɗai ake yi a gidajensu, aka jiyar da su harshen Mandarin na ƙasar Sin a zama 12. Wasu an zauna da su ido da ido ana karanta musu littafi ana wasa da su, wasu kuma suka kalli masu yin wannan karatu da wasa a bidiyo. Na farkon sun iya bambance sautukan Mandarin, amma masu kallon bidiyo sun tashi kamar waɗanda ba su taɓa jin harshen ba, duk da cewa sun zuba wa allon ido.

Dalilin yana cikin yadda magana ke shiga kunnen jariri. A dubi uwa tana ba ɗanta abinci: ya kafa wa cokali ido, ya yi gwaranci, sai ta bi inda idonsa yake, ta ɗaga cokalin ta ce, "Cokali ne, kana so?" sannan ta dakata ta jira shi. Kalmar ta zo daidai lokacin da hankalinsa ke kan abin, kuma ta zo ne a matsayin amsa. Bidiyo, komai kyan tsarinsa, bai san inda yaro yake kallo ba, ba ya jira, ba ya kuma maimaitawa don ya ga an ruɗe. Shi ya sa kiran bidiyo ya fita daban, domin wani bincike na 2014 ya nuna yara 'yan wata 24 zuwa 30 sun koyi sababbin kalmomi ta Skype, inda mai magana yake amsa musu nan take.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken Judy DeLoache na 2010. Yara 'yan wata 12 zuwa 18 da suka yi wata guda suna kallon faifan koyar da kalmomi ba su fi waɗanda ba su kalla ba, alhali iyayen da faifan ya burge sun ɗauka 'ya'yansu sun ƙaru sosai. Ban ga laifin waɗannan iyaye ba, don a wannan shekaru kalmomin yaro suna yawaita ne dama, sai a jingina wa faifai aikin da su da kansu suka yi.

Giɓin yana raguwa yayin da yaro ke dosar shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ajiye yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a rana.