Shin Daular Larabawa na iya mallakar duniyar Mars? Ga abin da doka ta ce

Tun da kumbon Al-Amal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya isa duniyar Mars ranar 9 ga Fabrairu 2021 ake yawo da maganar wai mutanen Dubai sun kama fili a can, saura yanka fuloti. Shirin Mars 2117 da suka sanar a 2017, na kafa matsugunin mutane cikin shekara ɗari, shi ya ƙara wa zancen gishiri. To, kumbon bai ma sauka ba, kewayawa yake yi yana nazarin iskar Mars da yanayinta. Ko da ya sauka ya kafa tuta, wannan ba ya ba su ko taku ɗaya.

Dalili shi ne Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967, wadda Daular ke cikinta. Sashe na 2 ya hana kowace ƙasa mallakar Wata ko wata duniya, ko ta hanyar iƙirarin iko, ko amfani da wurin, ko zama a cikinsa, ko ta kowace irin dabara. Masu cewa ai kamfani ba ƙasa ba ne, su duba sashe na 6: duk abin da kamfani ya yi a sama yana wuyan gwamnatinsa, ita za ta ba shi izini, ita za ta riƙa sa masa ido.

A kan wannan Daular ta yi dokarta mai lamba 12 ta 2019, wadda aka sabunta a 2023. Ta shafi aikin da aka yi daga cikin ƙasar, da 'yan ƙasar da kamfanoninta ko suna waje. Ba a harba kumbo ko a taɓa ma'adinan sama sai da lasisin hukumar sararin samaniya ta ƙasar, kuma dokar 2019 ta tanadi tarar da kan kai dirhami miliyan 10.

Wurin da ake ruɗewa shi ne batun ma'adinan. In fili ba naka ba ne, ta yaya abin da ka tono a cikinsa zai zama naka? Yarjejeniyar 1967 ba ta ce uffan kan haƙa ba. Amurka a 2015, Lukzambur a 2017, sai Daular, duk sun ɗauki shirun a matsayin izini. Hujjarsu ta masunta ce: teku ba ta kowa ba ce, amma kifin da ya shiga komarka naka ne. Yarjejeniyar Artemis, ta ƙa'idojin binciken Wata da Mars da Amurka ta jagoranta, wadda Daular na cikin ƙasashe takwas da suka fara sa mata hannu a Oktoba 2020, ta faɗa ƙarara cewa haƙar ma'adinai ba ita ce mallakar wuri ba. Nijeriya ma ta sa hannu a Disamba 2022. Sai dai Artemis fahimtar juna ce, ba ta da ƙarfin ɗaure kowa.

Ga inda gizo ke saƙar. Artemis ta yarda mai aiki ya ayyana yankin kariya kewaye da na'urorinsa don kada wani ya kawo masa cikas. An ce na wucin gadi ne. Amma ƙanƙarar ruwan Wata, wadda za a raba ta a samu iskar shaƙa da man roka, galibinta ta taru ne a 'yan ramuka masu duhu kusa da ƙuryar kudancin Watan. Wanda ya riga kowa ya girke injinsa a bakin irin wannan rami na shekara talatin, a takarda bai mallaka ba, a zahiri kuwa waye zai tashe shi? Kifi yana hayayyafa, ƙanƙarar ba ta yi. Yarjejeniyar 1967 kuma ba ta kafa kotu ko hukunci ga mai wuce gona da iri ba.

Daular ba ta kai nan ba tukuna. Motarta ta bincike mai suna Rashid ta tarwatse tare da kumbon kamfanin ispace na Japan a kan Wata a Afrilu 2023, kumbon da za ta aika wa duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupita kuwa sai 2028 aka tsara harba shi, kuma na bincike ne. Yarjejeniyar Wata ta 1979 ce kaɗai ta ce arzikin sama gadon dukan 'yan Adam ne, a raba shi da adalci har da ƙasashe masu tasowa. Ƙasashen da suka amince da ita ba su kai 20 ba, babu Amurka ko Rasha ko Sin a ciki, Saudiyya ma da ta shiga ta fice a Janairu 2024.