Katin bashi na alfarma: kuɗin shekara, maki da tukwicin gayyata

A Najeriya da Nijar yawancin katunan banki na cire kuɗin da mutum ya ajiye ne, amma a Amurka katin bashi ne ya fi yawo a aljihun jama'a, kuma akwai wani rukuni na waɗannan katuna da ake biyan kuɗi masu kauri kowace shekara kafin a riƙe su. Ga amsoshin tambayoyin da mai shirin karɓar irin wannan kati ya kamata ya yi wa kansa.

Mene ne katin alfarma, kuma nawa ake biya a kansa?

Kati ne da banki ke ɗora wa kuɗin shekara mai yawa, shi kuma ya saka wa mai katin da maki a kan duk abin da ya saya, waɗanda ake iya musanyawa da kuɗi ko tikitin jirgi, da izinin shiga ɗakunan hutawa a filayen jiragen sama, da inshorar tafiya, da rangwame a wasu shaguna. Waɗanda suka fi suna su ne Platinum na American Express da Sapphire Reserve na bankin Chase. Kuɗin Platinum dala 550 ne a 2017, ya koma 695 a 2021, sannan ya kai 895 a 2025. Sapphire Reserve kuwa ya fito a 2016 da dala 450, ya hau 550 a 2020, kuma a 2025 aka mayar da shi 795.

Daga ina banki yake samun kuɗin da yake raba maki da su?

Duk lokacin da aka biya kuɗin kaya da katin bashi, mai shago yana barin wani kaso na cinikin, wanda a Amurka yakan kama daga kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, kuma mafi yawan wannan kaso bankin da ya ba da katin ne ke ɗauka. Daga nan ake yanko makin, tare da kuɗin shekara da kuɗin ruwan da masu jinkirin biya ke zubawa. Tarayyar Turai ta ƙayyade kason banki a kashi 0.3 cikin ɗari tun 2015, shi ya sa katunan can ba su iya yin irin kyautar da na Amurka ke yi.

Yaya mutum zai gane ko katin yana fanshe kuɗinsa?

Nan ne mafi yawan mutane ke yaudarar kansu. Banki zai jera amfanin katin ya ce darajarsu ta haura dala dubu, amma lissafin da ya dace shi ne mutum ya ƙirga abin da dama zai kashe ko da ba shi da katin, ya watsar da sauran. Sapphire Reserve yana mayar da dala 300 na kuɗin tafiya a kowace shekara, kuma ga wanda yake sayen tikitin jirgi ko yake kama ɗakin otel, wannan tamkar kuɗi ne a hannu, don haka nauyin da ya rage a kansa dala 495 ne. Rangwamen Platinum ya fi wuyar ci. Kuɗin hawa motar haya ta Uber da yake bayarwa dala 15 ne a wata, da ƙarin 20 a Disamba, kuma na watan da ba a yi amfani da shi ba ya tafi ke nan. Dala 200 da yake warewa don kamfanin jirgi guda da mutum ya zaɓa, na kuɗin jaka ne da makamantansu, ba na tikiti ba.

Mutumin da ke da motarsa, wanda ya kira Uber ranar talatin ga wata don kawai kada dala 15 ta wuce shi, har ya cika dala 8 daga aljihunsa, bai ci ribar komai ba. Katin ne ya aike shi kasuwa. A ganina irin wannan rangwame bai cancanci a sa shi cikin lissafi da cikakkiyar darajarsa ba. Haka ɗakin hutawa: wanda ke hawa jirgi sau ashirin a shekara zai more shi, wanda kuwa ke zuwa gida sau ɗaya lokacin sallah ya sayi abinci a filin jirgin ya fi masa arha.

Nawa maki ɗaya yake a kuɗi?

Ba shi da tsayayyen farashi, ya danganta da ƙofar da aka fitar da shi. Wanda ya biya bashin katinsa na American Express da maki 50,000 zai sami kimanin dala 300, alhali maki 50,000 na Chase dala 500 ne idan aka karɓe su a kuɗi. Darajar takan ƙaru idan aka tura makin zuwa asusun kamfanin jirgi, irin su British Airways ko haɗakar Air France da KLM, waɗanda duka bankunan biyu ke hulɗa da su kuma suke sauka a Najeriya. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da ake mantawa. Makin da aka tura ba ya dawowa, saboda haka sai an tabbatar akwai kujera a ranar da ake so kafin a tura. Sannan tikitin maki ba kyauta ba ne gaba ɗaya, domin ana biyan haraji da ƙarin kuɗin kamfani, kuma a hanyar da ta bi ta Landan waɗannan kan yi nauyi ƙwarai.

Tara maki shekara da shekaru ma ba dabara ba ce, tunda kamfanin jirgi yana iya ƙara yawan makin da tikiti ke ci duk lokacin da ya ga dama.

Yaya tukwicin gayyata yake aiki?

Banki yana bai wa mai kati wata mahaɗa ta intanet, idan wani ya nemi kati ta cikinta kuma aka amince masa, sai a zuba wa mai gayyatar maki. Akwai iyakar abin da za a samu a shekara, kuma wanda ya gayyaci kansa yana iya rasa makin ko a rufe masa asusu. Hukumar harajin Amurka tana kallon makin sayayya a matsayin ragi, amma tukwicin gayyata kuɗin shiga ne, tunda ba a sayi komai ba kafin a same shi, kuma banki yana iya aiko da takardar haraji a kansa.

Akwai kuma hakkin wanda aka gayyata. American Express yakan ba da tukwicin maraba, wato makin da ake bai wa sabon mai kati, sau ɗaya ne a kan kowane kati, Chase kuma an san shi da ƙin amincewa da wanda ya buɗe katuna biyar cikin watanni 24. Idan tayin da ke cikin mahaɗar ya gaza wanda bankin ke yi a fili, mai gayyata ya ci nasa maki, ɗan'uwansa kuma ya ƙone damarsa a kan ƙaramin rabo.

Me za a yi idan kuɗin shekara ya fito kuma ba a son biya?

A fara kiran banki a faɗa musu ana tunanin rufe katin, domin wani lokaci sukan ba da maki ko ragi don a zauna. In ba a daidaita ba, ana iya sauka zuwa ƙaramin kati, misali daga Sapphire Reserve zuwa Sapphire Preferred mai dala 95, wanda ke barin asusun a raye da tarihinsa. American Express yana mayar da kuɗin shekara idan aka rufe cikin kwana 30 da fitowar takardar lissafin da kuɗin ya bayyana a cikinta, amma wanda ya rufe kafin cika shekara yana iya rasa tukwicin maraba, kuma wanda ya rufe katinsa na ƙarshe mai tara maki zai rasa duk abin da ya tara idan bai kwashe shi ba.

Ina batun kuɗin ruwa?

Matsakaicin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a 'yan shekarun nan. Wanda ya bar bashin dala 3,000 shekara guda a kan kashi 22 zai biya kusan dala 660, makin da ya samu a kan wannan sayayya kuwa ƙila bai wuce darajar dala 30 ba. Wanda ke biyan dukkan bashinsa kafin wa'adin kowane wata ba a ɗora masa ruwa a kan sayayya, ban da cire tsabar kuɗi, wanda ruwansa ke farawa tun ranar da aka cire. Ga Musulmi tambayar ta wuce lissafi, domin malamai sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin riba ko da mutum ya ƙudura ba zai taɓa jinkirta biya ba: wasu sun hana, wasu sun yi rangwame idan akwai buƙata kuma ana biya a kan lokaci.