Saukar ƙananan jiragen sama a kan dusar ƙanƙara: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Sanyi ne ke kayar da jirgi?

A'a. Iska mai sanyi ta fi kauri, inji da fiffike sun fi aiki da kyau a cikinta. Matsalar tana wajen ƙanƙara, da birki, da idon matuƙi.

Ido kuma? Ai yana ganin titin.

Ba kullum ba. Idan gajimare ya rufe rana, farin ƙasa ya haɗu da farin sama, inuwa ta ɓace, mutum ba ya iya sanin tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa. Sai ya buga taya da ƙarfi yana zaton da saura. Shi ya sa matuƙan Alaska masu sauka da jiragen da aka sa wa takalman zamewa a kan dusar ƙanƙara kan fara shafar wurin su bar sawu, su tashi su zagayo, sannan su sauka.

'Yar ƙanƙara kaɗan a fiffike fa?

Don Allah ku daina cewa "kaɗan". Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ce ƙanƙara mai kaushin samfefa a saman fiffike na iya rage ƙarfin ɗaga jirgi da kashi 30 cikin 100, ta ƙara masa turjiyar iska da kashi 40.

To idan matuƙi ya iso da ƙanƙara a fiffike, titin kuma na santsi, ya ƙara gudu ko ya rage?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, kuma ba ta da amsa guda. Fiffike mai ƙanƙara yana sakin jirgi tun gudun bai ragu sosai ba, don haka dole a shigo da gudu fiye da na kullum. Haka kuma a kan guji sauke faifan bayan fiffike, wanda ake saukewa don rage gudu wajen sauka, gaba ɗaya, domin idan ƙanƙara ta kama wutsiya, sauke shi na iya sa hancin jirgi ya duƙa farat ɗaya, ga ƙasa kusa. To amma ƙarin gudu yana cin tsawon titi, birki kuma ba ya kamawa a kan santsi. Maganin ɗaya shi ne cutar ɗaya. A ganina, in akwai isasshen mai, gara a nufi filin da titinsa ya fi tsawo kuma an share shi. Sai dai wannan ma ya danganta: idan ƙanƙarar na ci gaba da taruwa, daɗewa a sama na ƙara hatsari, kuma jirgin da ya yi nauyi ba lalle ya iya sake hawa ba in an fasa sauka. Abin da littafin wannan jirgin ya ce shi ke gaba da maganata.

Mene ne lambobin da ake karanta wa matuƙi?

Yanayin titi ne, daga 6 zuwa 0. Shida busasshe, 1 ƙanƙara, 0 babu birki sam. Tsarin ya zama na duniya a Nuwamban 2021. Ƙananan filaye da dama ba su da mai aunawa, sai matuƙi ya yi waya ya tambaya.

Ke nan kada a shiga ƙaramin jirgi lokacin hunturu?

Ku kwantar da hankalinku. A Kanada da Alaska ana sauka lafiya kullum da ƙananan jirage irin su Cessna da Piper. Amma idan matuƙinku ya ce yau ba za a tashi ba, ko ya juya da ku wani filin, kada ku matsa masa da maganar kun makara.