Littafin Hotuna na Ƙananan Yara

Littafin hotuna shi ne littafin da zane da rubutu suke haɗuwa su ba da labari guda, ta yadda in aka cire ɗaya, ɗayan ba zai tsaya da ƙafarsa ba. Galibi ana yin sa ne don yaran da ba su fara karatu ba, da waɗanda suka soma haɗa baƙi, daga wajen shekara biyu zuwa bakwai ko takwas. Ya sha bamban da littafin labari mai zane jefi-jefi, wanda za a iya karanta shi tsaf ko da babu hoto ko ɗaya. A littafin hotuna babba ne ke furta kalmomi, yaro kuwa idonsa na kan shafi yana karanta zanen, kuma sau da yawa shi ke riga babban ganin abin da ke faruwa.

Asali

Masana kan fara tarihinsa daga Orbis Sensualium Pictus na malamin nan John Amos Comenius, wanda aka buga a birnin Nuremberg a 1658. Littafin koyarwa ne: a zana abu, a sa masa lamba, sannan a rubuta sunansa da Latinanci da Jamusanci. A 1744 John Newbery ya fara buga wa yara littattafan nishaɗi a Landan. Amma siffar da aka sani yau ta fito ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da maɗaba'ar Edmund Evans ta ƙware wajen buga launuka da sassaƙaƙƙen katako, tana aiki da Walter Crane da Kate Greenaway da Randolph Caldecott. Na ƙarshen nan ne ya fi yin tasiri, domin yakan ɗauki 'yar gajeriyar waƙar yara ya zana abin da baitin bai faɗa ba, har labari na biyu ya tsiro a gefen na farko. Don haka ne lambar yabon da ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ke bai wa masu zane tun 1938 take ɗauke da sunansa.

Yadda zane ke ɗaukar labari

Mafi sauƙin aikin zane shi ne ya nuna abin da aka faɗa: an ce kare, ga kare. Jariri na bukatar wannan, domin ta haka yake haɗa suna da abu. Sai dai littafin da ya tsaya a nan bai yi rabin aikinsa ba.

Zane mai kyau yana sauke wa rubutu nauyi. Marubuci ba ya bukatar bayyana ɗakin, ko kayan da yarinya ta sa, ko cewa ranta ya ɓaci. Sunkuyar da kai da saukar kafaɗa sun isa. Wannan ne ya sa rubutun irin waɗannan littattafai yake gajere, sau da yawa 'yan ɗaruruwan kalmomi kawai. Yaron da bai san kalmar kishi ko kunya ba yana iya gane su a fuskar da aka zana, daga baya kalmar ta zo ta tarar da ma'anarta tana jira.

Inda abin ya fi armashi shi ne lokacin da zane ya san abin da rubutu bai sani ba. A Rosie's Walk na Pat Hutchins, wanda ya fito a 1968, rubutun ya ce kaza ta fita yawo ta dawo gida lafiya, shi ke nan. Ko sau ɗaya bai ambaci dilan da ke biye da ita a kowane shafi ba, yana kai hari yana faɗawa cikin wahala. Babba na karantawa da murya a kwance, yaro na ihu yana nuna dilan. A wannan lokacin yaron ya koyi wani babban darasi na adabi tun kafin ya san baƙi: mai ba da labari ba ya faɗin komai, kuma mai sauraro na da nasa aikin.

Girman hoto ma magana ne. A littafin Maurice Sendak na 1963, Where the Wild Things Are, hotunan suna farawa ƙanana da farin fili a kewaye, suna ta girma yayin da tunanin yaron da ke cikin labarin ke nisa, har su cinye shafuka babu kalma ko guda, sannan su sake ƙanƙancewa da ya dawo ɗakinsa. Haka launi ke nuna dare ko tsoro, haka kallon abu daga ƙasa ke sa ya zama abin tsoro. A harsunan da ake rubutawa daga hagu zuwa dama, mai tafiya gaba yakan fuskanci dama, inda hannu zai juya shafi. A littattafan Larabci akasin haka ne. Juya shafin kansa dabara ce: a bar tambaya a ƙarshen wannan, amsa ta ɓuya a bayan takarda.

Tsari da bugu

Yawancin littattafan hotuna shafi 32 ne, saboda ana buga su a manyan takardu da ake ninkewa su ba da shafi 8 ko 16. Marubuci da mai zane kan zama mutane biyu daban, edita ne ke haɗa su. Mai zane yakan fara da ƙwarya-ƙwaryar littafi na gwaji don ya ga inda kowace jimla za ta zauna, yana kiyaye kada fuska ta faɗa cikin ɗinkin tsakiya. Littattafan jarirai kuwa ana yin su da kwali mai kauri. Akwai kuma waɗanda babu rubutu a cikinsu sam, yaro ne ke ba da labarin da bakinsa.

Amfani da iyakarsa

Binciken da ya bi diddigin motsin idon yara ya nuna cewa waɗanda ba su fara makaranta ba kusan kullum hoto suke kallo yayin da ake musu karatu, ba rubutu ba. Saboda haka amfanin littafin ya fi yawa idan babba ya dakata ya yi tambaya: me kake gani, ina za shi, me ya sa take kuka? Ta nan kalmomi ke ƙaruwa, ta nan kuma yaro ke koyon jera aukuwa bisa tsari.

Wanda aka zana ma yana da muhimmanci. The Snowy Day na Ezra Jack Keats, na 1962, ya yi fice ne domin ya sa yaro baƙar fata a tsakiyar labari, a lokacin da hakan ke da wuya a littattafan Amurka. Yaron da bai taɓa ganin mai kama da shi a littafi ba yana lura da hakan.

Zane na iya yin illa idan ya cika shafi da tarkacen da ba su da alaƙa da labari, ko ya saɓa wa rubutu bisa kuskure, abin da yara ke kamawa nan take. Malaman karatu kuma suna gargaɗi cewa idan yaro ya kai matakin haɗa baƙi, bai kamata a bar shi yana cankar kalma daga hoto ba; dole ya duba haruffan da kansu, hoton ya taimaka masa wajen fahimtar abin da ya riga ya karanta.