Waiwaye: Yadda na'ura ta koyi matse bayanai ta hanyar canka abin da ke tafe

Da sassafe a kasuwar Mile 12 ta Legas, kafin a gama sauke kwanduna, za ka ga dillali ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyon tumatir, ya bi shi da saƙon murya zuwa ga mai kaya a Zariya: "Alhaji, ga yadda suka iso, na ƙasan sun yi laushi." Bidiyon minti ɗaya mai girman 1080, da za a tura shi ɗanyensa, ɗigo bayan ɗigo, sai ya haura gigabayit 10. Abin da ya sa yake wucewa da 'yan megabayit shi ne matse bayanai. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, maganar ta shafi aljihun kowa, shi ya sa na ga ya dace mu bi sawunta.

Tushen abin yana bakin kowane Bahaushe. Idan na ce "Juma'ar da za ta yi kyau", ba sai na ƙarasa ba, ka riga ka ji Laraba a zuciyarka. Abin da mai sauraro zai iya cankowa ba ya bukatar a aika masa. Claude Shannon na Bell Labs a Amurka shi ya mayar da wannan tunanin zuwa lissafi a 1948. A 1951 kuma ya yi gwaji mai sauƙi: ya rufe rubutun Turanci, ya sa mutum ya riƙa cankar harafin da zai biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Ya gano cewa kowane harafi yana ɗauke da sabon labari na kusan bit ɗaya kacal (bit shi ne ƙwayar ma'aunin bayanai a kwamfuta, 0 ko 1), alhali kwamfuta ta saba ware masa takwas. Sauran duk maimaici ne.

Daga nan aka shiga neman hanyar zubar da maimaicin. David Huffman, yana ɗalibi a jami'ar MIT, ya wallafa dabararsa a 1952: harafin da ya fi yawan zuwa a ba shi gajeruwar alama, wanda ba ya yawan zuwa a ba shi doguwa. A 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka zo da tasu: in an taɓa ganin jimla a baya, maimakon a sake rubuta ta, sai a yi nuni zuwa inda take. Tsarin ZIP na matse fayil a kwamfuta a kan waɗannan biyun ya tsaya. Wannan kamar ninke shadda ne, ka warware ta dawo yadda take. JPEG na hotuna (1992) da MP3 na sauti (1993) kuwa shanya tumatir ne: an zubar da abin da ido ko kunne ba zai lura ba, kuma ruwan da rana ta sha ba ya dawowa.

Duk waɗannan ƙa'idoji ne da mutane suka zauna suka tsara. Sauyin da aka samu daga baya shi ne an bar na'ura ta koyi cankar da kanta, ta hanyar karanta tarin misalai. Mai aikawa da mai karɓa kowa yana riƙe da irin na'urar cankar guda. Inda ta canka daidai, kusan ba a kashe komai. Inda ta kuskure, nan ake aika gyara. Gwargwadon sanin da ta yi wa harshe, gwargwadon ƙanƙancewar saƙo. Marcus Hutter ya kafa gasa a kan haka a 2006, a 2020 kuma ya faɗaɗa ta zuwa gigabayit ɗaya na Wikipedia ta Turanci, da kyautar Yuro 500,000. Matsewa irin ta ZIP tana barin sama da megabayit 300. Zakarun gasar sun sauko kusan 110. A 2023 masu bincike a DeepMind na kamfanin Google suka gwada wata babbar manhajar harshe mai suna Chinchilla, wadda galibi a kan rubutu aka horar da ita. Ta matse hotuna zuwa kashi 43.4 cikin 100 na girmansu inda PNG, tsarin matse hoto da aka saba, ya tsaya a 58.5, ta matse murya zuwa 16.4 inda FLAC, takwaransa na sauti, ya tsaya a 30.3.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ita kanta Chinchilla ta haura gigabayit 100, ba wayar da za ta ɗauke ta, masu gasar Hutter kuma an ba su har kusan sa'a 50 don matse fayil ɗaya. A garin da ake biyan kuɗi a shagon caji kafin waya ta cika, matsewar da ta rage data ta cinye batir an gudu ne ba a tsira ba. Abin da ya fi kusa da mu ƙananan ne, irin Lyra da Google ya fitar a 2021, mai ɗaukar murya a kilobit 3 cikin daƙiƙa. Wanda ya ga ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, MainOne da WACS da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna a Legas suka riƙa ƙin buɗewa, ya san darajar saƙon da ke iya bi ta ƙaramar kafa.

Akwai kuma hatsarin da ya fi damuna. Irin su Lyra ba ainihin muryar suke kaiwa ba. Siffofinta suke aikawa, na'urar can gefe ta sake ƙera ta. Na'urar da ke cike gurbi tana iya cikewa da abin da babu. Tun a 2013 wani Bajamushe, David Kriesel, ya gano wasu injinan sikanin takardu na kamfanin Xerox suna musanya lambobi a takarda, 6 ta koma 8, saboda salon matsewarsu, kuma takardar ta fito tas ba alamar an taɓa. Ka auna hakan a kan rasit na kaya ko sakamakon gwajin asibiti.

Mu kuma Hausawa mun riga mun ɗanɗana abin da ke faruwa idan an tsara ma'auni babu harshenmu a ciki. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, sai ya faɗo zuwa 70, domin jadawalin haruffan tes na GSM bai san su ba. Haka muka saba rubuta "kasa" muna nufin ƙasa. Matsewa ta koyon na'ura za ta iya maimaita wannan a babban mataki, tunda abin da na'ura ta fi karantawa shi ta fi iya canka. Wikipedia ta Turanci tana da maƙaloli sama da miliyan 6, ta Hausa dubun-dubata ne. Ga murya kuma, Hausa tana rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuƙawa da tsawon wasali da karin sauti ne kawai, kuma na'urar da ba ta sha jin Hausa ba ita za a bar wa sake ƙera wannan bambancin. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga duk mai waya: a nuna maka jimla, ka karanta, wasu su saurara su tantance. Da ɗaliban Agege da 'yan kasuwannin Legas za su ba shi minti goma-goma, har Hausar Legas, da ararrun kalmominta na Yarbanci, sai ta shiga cikin abin da na'urorin ke koyo.