Waiwaye: Lotus Seven da Harajin da Ya Sauya Makomar Mota Mara Nauyi

Muhawarar da ake tafkawa a Turai kan nauyin motoci ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Manyan motocin lantarki na yau da yawansu sun haura tan biyu, kuma tun da Tarayyar Turai ta sa 2035 a matsayin wa'adin daina sayar da sababbin motocin fetur, masoya ƙananan motocin tsere ke kukan cewa batir zai binne abin da suke ƙauna. Kukan yana da dalili. Sai dai mai ɗora wa batir alhakin komai ya tsallake shekaru hamsin na tarihi. Labarin Lotus Seven, ƙaramar motar tsere ta Birtaniya, ya isa shaida.

Farkon labarin sananne ne. A 1948 wani ɗalibin injiniya a Landan, Colin Chapman, ya kwance wata tsohuwar mota ƙirar Austin 7 ya sake mata jiki. A 1952 ya kafa kamfanin Lotus a unguwar Hornsey, a 1957 kuma Seven ta fito: ƙwarangwal na siraran bututun ƙarfe da aka yi wa walda, an lulluɓe da fallen alminiyum, kujera biyu, babu ƙofa. Injinta na Ford ne, ƙarfin doki wajen 40 kacal, amma da yake nauyinta bai wuce rabin tan ba, takan kunyata manya a kwana. Ra'ayin Chapman shi ne ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfani, rage nauyi kuwa ko'ina yana biyan mai shi.

Wannan duk masoya mota sun haddace. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda aka yi mai ƙaramin albashi ya iya mallakarta. A Birtaniyar wancan zamani akwai harajin saye mai tsanani a kan sabuwar mota, wanda a wasu shekarun ya kai rabin farashin sari, har ya zarce. Amma dokar ba ta hau kan kayan mota da aka sayar a warware ba, muddin mai saye ne zai haɗa da hannunsa. Saboda haka Seven haɗaɗɗiya fam 1,036 ce, a warware kuwa fam 536. Malamin makaranta ko makaniki sai ya karɓi kayansa, ya ja abokai biyu zuwa gareji, su yi ta ɗaurin noti har mota ta tashi. Litinin ya je aiki da ita, Asabar ya shiga fili ya yi tsere. Har ana ba da labarin cewa da yake doka ta hana a ba mai saye takardar koyar da haɗawa, sai aka riƙa ba shi ta koyar da kwancewa, shi kuma ya bi ta daga ƙarshe zuwa farko.

A ganina nan ne asirin yake. Mutumin da zai haɗa mota a garejinsa ba ya son abin da hannu biyu ba za su iya ɗagawa ba, ba ya son wayoyi barkatai. Rashin nauyi da rashin tarkace ba kwalliya ba ne a wurinsa, larura ce, kuma aljihunsa na goyon bayanta.

Ranar 1 ga Afrilun 1973, wata uku bayan Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai, aka soke harajin saye, aka kawo harajin VAT na kashi 10 cikin 100. Sabon harajin bai san bambancin mota haɗaɗɗiya da wadda ke cikin akwati ba, duk biya ake yi. Babu wanda ya zauna da niyyar cutar da masu haɗa mota a gida. Gyaran tsarin haraji ne na ƙasa baki ɗaya, wanda ya shafi kusan duk abin da ake saye. Amma dare ɗaya rangwamen da ya ɗauki nauyin wata ƙaramar masana'anta ya tafi. Wata shida bayan haka rikicin man fetur na Oktoban 1973 ya zo ya ƙara gishiri a miki. Ƙananan kamfanoni irin su Gilbern na yankin Wales da Clan na arewacin Ingila ba su daɗe ba suka rufe.

A shekarar ce Lotus, wanda hankalinsa ya riga ya koma kan motocin alfarma, ya sayar da haƙƙin ƙera Seven ga dilansa Graham Nearn, mai kamfanin Caterham a yankin Surrey, bayan Lotus ya ƙera kusan guda 2,500. Nearn ya ɗan ci gaba da samfuri na huɗu mai jikin roba, sannan a 1974 ya koma na uku, siririn nan na 1968 da masu saye suka fi so. Ya ceci motar, wannan ba gardama. Amma dalilin sayenta ya riga ya canza. Da hanyar tsimin kuɗi ce, yanzu ta koma abin marmari, mota ta biyu ko ta uku a gidan mai hali. Kuma da rashin nauyi ya daina zama riba ga talaka, babu sauran mai tsaya masa a babbar kasuwa sa'ad da ƙarafan kariya, jakunkunan iska, na'urar sanyaya ɗaki da sha'awar manyan motoci suka riƙa ƙara kilo a kan kilo. Wasu daga cikin waɗannan sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa, kuma ba na raina su ko kaɗan. Abin da nake nunawa shi ne duk sun riga batir zuwa.

Seven dai tana nan. Ana ƙera ta a garin Dartford na Ingila tun 1987, kamfanin Caterham ya koma hannun kamfanin VT Holdings na Japan a 2021, kuma a shekarar aka fito da Seven 170 mai ƙaramin injin Suzuki, nauyinta wajen kilo 440. A 2023 sun nuna samfurin gwaji mai aiki da lantarki, wanda batirinsa ya kai shi wajen kilo 700. Har gobe a Birtaniya kana iya sayenta a warware ka haɗa a garejinka, sai dai harajin VAT da za ka biya yanzu kashi 20 ne cikin 100.