Na'urar auna amoniya a ɗakin kaji da na dabbobi: ga amsoshin, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Wai mece ce amoniyar nan?

Iskar nan ce mai yaji da ke tashi daga kashin kaji da fitsarin dabbobi idan sun fara ruɓewa. Ita ke sa ka hawaye in ka buɗe ɗaki da safe.

Hancina bai isa ba?

Bai isa ba. Hanci sabawa yake yi, wanda ke shiga ɗakin kullum shi ne ma na ƙarshen jin warin. Kuma kai a tsaye kake, ita kaza kanta na dab da shimfiɗar da iskar ke fitowa.

Na haɗa MQ-137, 'yar na'urar auna amoniya mai araha, da Arduino, ɗan allon kwamfuta da ke karanta ta, in yarda da lambar da take ba ni?

To nan ne maganar take, kuma amsar ita ce ya danganta. Irin waɗannan masu arahar akwai ɗan sinadari a cikinsu da waya ke ɗumamawa, in amoniya ta taɓa shi sai yadda lantarki ke ratsa shi ya canza, daga nan ake lissafo lambar, matsalar kuwa ba amoniya kaɗai ke motsa shi ba, danshi na motsa shi, zafi na motsa shi, wasu iskokin ma haka, ga ƙurar ɗaki da ke toshe 'yar ragar da ke bakinsa har ka ga ta yi fari fat. Sabuwa sai an bar ta a kunne kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta daidaita, kuma ko ta daidaita tana zamewa a hankali cikin watanni. Don haka in ta ce 18, ni ba zan rantse 18 ɗin ba ce, amma in kullum tana wajen 10 yau da asuba ta haura 30, wannan ka yarda da ita ka tashi. In kana son lambar ta yi kusa da gaskiya ka haɗa mata na'urar auna danshi da zafi, ka riƙa gwada ta lokaci-lokaci da bututun gilashin nan mai canza launi irin na Dräger a wuri ɗaya. Kar ka karaya, ko a hakan ta fi hanci nesa ba kusa ba.

Nawa ne ya yi yawa?

Kar amoniyar ta wuce ppm 25, wato kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗakin, ƙasa da 10 ya fi. Dokar Tarayyar Turai ta 2007 ta tsaya a 20 ga ɗakunan kajin nama masu cunkoso, kuma a daidai kan kaza ake aunawa. Ka ji inda za ka rataye taka, ba can jikin rufi ba, ba bakin taga ba.

Me ya sa ba za a sayi mai kyau kawai a huta ba?

Masu aiki da hasken leza sun fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo. Masu ruwan sinadari a ciki kuma amoniyar ce da kanta ke cinye su in suna shaƙarta dare da rana. Shi ya sa masu bincike ke ta gwada wasu kayan, irin su foliyanilin, wani nau'in roba da lantarki ke ratsawa, da ke aiki ba sai an ɗumama su ba.

Na'urar ta yi ƙara, me zan yi?

Haba malam. Buɗe iska, gyara mazubin ruwan da ke yoyo, kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar da ta dunƙule ka zuba busasshiya. Wasu sai su cire batir don ƙarar ta dame su, alhali kajin na tari, idanunsu sun kumbura, sun rage ci.

Da sanyi fa, in toshe ko'ina saboda 'yan tsaki?

A'a. Lokacin ne ma amoniyar ta fi taruwa. Ka ƙara musu ɗumi, ka bar kafar iska ta sama.